Tambayi Likita: Wai sai an ɗebi naman farcena?

TAMBAYA: Salam likita. Dan Allah faratana ne suka lalace, sun yi ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura, bakin farcen kuma ya ɗaga ya rabu da nama. Na sha maganin fangas daga kemis har na gaji, ba canji. Yanzu likitan fata yace sai anyi min bayofsi, wai za'a ɗebi nama a kai lab. Wallahi tsoro nake ji, dole ne? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika faɗa yafi kama da soriyasis, wani ciwon fata da kan taɓa farce, ramukan nan da ɗagawar farce alamunta ne, wani lokaci har da ɗigo ruwan ɗorawa kamar mai ya zuba a ƙarƙashin farcen. Matsalar ita ce fangas ma haka yake mayar da farce, kuma soriyasis ba ƙwayar cuta bace, garkuwar jiki ce ke sa fata tana hayayyafa da sauri, ba'a ɗaukarta daga wani, shi yasa ko shekara zaki yi kina shan maganin fangas ba zai taɓa ta ba. Gaskiya abin na damuna yadda ake baiwa mutane ƙwayoyin maganin fangas ba gwaji, alhali wasunsu na iya taɓa hanta.

Ki fara tambayar likitan fatar ko an yanki bakin farcen an duba fangas, don shi ake fara yi kuma ba zafi. In an yi ba'a ga komai ba, kuma babu ƙyasbi mai ɓawo a gwiwa ko a ka da zai nuna hanya, to bayofsin yana da amfani sosai.

Allurar kashe zafi ake yi a gindin yatsa, ita ce kawai zaki ji lokacin aikin, sai a ciri ɗan nama kamar milimita 3, a rufe da bandeji ki koma gida ranar. Inda ake taka-tsantsan shine in daga tushen farcen za'a ɗiba, wurin da yake tsirowa, can ne zai iya barin tsaga ko tabo na dindindin, don haka ki tambaya daga ina zai ɗauka. In kina da suga ko kina shan maganin tsinka jini ki gaya masa tun kafin ranar. Kuma dan Allah kar ki sa lalle kafin ki je, yana rufe launin da likita ke son gani.

Ko an fara magani sai kin yi haƙuri fa, farcen hannu kusan wata 6 yake ɗauka kafin sabo ya gama fitowa, na ƙafa shekara ko fiye. In kina jin ciwon gaɓoɓi ko yatsa na kumbura ki faɗa masa, soriyasis ɗin farce tana yawan zuwa tare da ciwon gaɓa.