Auta, ka nemi sifana kafin ka nemi zakara

Auta, saƙonka ya iso. Sau biyu na saurare shi, domin a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshensa. Allah ya sanya alheri a babur ɗin, ya tsare ka a titunan Nima da Mamobi. Kana tambaya ko gaskiya ne a gidanmu ba a hawa sabon abin hawa sai an yanka zakara an ɗaura laya a ƙarƙashin kujera, kuma ko da gaske ba a gyaran babur bayan magariba, tunda mahaifiyarka ta ƙwace maka sifana ranar nan da za ka ɗaure madubi. Na yi dariya, amma da na kwanta abin ya tsaya mini a rai. Minti huɗu kana magana, har launin babur ɗin ka faɗa mini, ban ji ka ambaci baƙin mai ko sau ɗaya ba.

Maganar magariba ba mahaifiyarka ce ta ƙago ta ba. Kakanmu da ya biyo fataken goro daga Kano ta Salaga har ya yada zango a nan Kumasi, ba ya yarda a ɗinka mangalar jaki in rana ta faɗi. Cewa yake aikin dare da aljanu ake raba shi, kai rabi su rabi. Da keke ya shigo gida dokar ta koma kan keke, da babur ya zo ta hau kansa. Ni ma a lokacin camfin tsofaffi na ɗauke ta.

A 1975 aka kai ni Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, koyon aiki. Mastanmu mutumin Asante ne, amma Hausarsa ta fi ta wasu yaran Aboabo na yanzu. Shekara guda cur ban kwance komai ba, aikina wanke notuna da kananzir a gwangwanin Milo, ina jera su a kan tsumma bi da bi yadda aka ciro su. Yakan ce noti mace ce mai aji, ba a tilasta mata, da hannu ake fara shigar da ita, sai ta amince sannan a kawo sifana. Ka riƙe wannan, don injin babur ɗinka da alminiyam aka yi shi, in ka matsa wa fulogi a karkace ka cinye zaren ramin, kuɗin gyaran sai ya sa ka zufa.

To a 1977, zamanin mulkin sojan Acheampong, lokacin da kalabule, wato ɓoye kaya a sayar da tsada, ta yi ƙamari, kayan gyara sai da sanin ido, Baffanmu Alhaji yana da wata Honda da yake ji da ita kamar ɗiyarsa. Aka sa ɗaurin auren wani ɗan uwanmu a Ejura, shi ne waliyyi, goro da sadaki duk a hannunsa, ni kuma zan tuƙa shi. Daren tafiya na lura sarƙa ta saki har tana dukan murfinta, majayin da ke gefen tayar baya kuma ya kai ƙarshe. Shekara biyu a Magazine, kaina ya riga ya kumbura. Na ce ai abu ne mai sauƙi, in rage tsawonta in sake haɗawa. An idar da sallar isha na baje kaya a ƙofar gida. Inna tana daga ciki tana cewa ka bari gari ya waye, ni ina cewa yanzun nan zan gama. Ka san wa ya riƙe mini fitilar ƙwai? Mahaifiyarka, tana 'yar shekara tara, tana gyangyaɗi, hasken na rawa.

Inda sarƙa ke haɗuwa akwai wani ɗan maƙalli siriri mai baki buɗe a gefe guda. Ina danna shi da filaya ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Muka fi rabin awa muna tankaɗe ƙasa da yatsu, ita tana kuka tana cewa ga shi nan aljanun sun ɗauke. Da na same shi, don haushi da gaggawa, na cusa shi ban ko duba ba, na goge hannu na je na kwanta ina jin kaina gwani.

Da asuba muka kama hanya. Muka wuce Agona lafiya, muka wuce Jamasi lafiya, Baffa yana baya da babbar riga sabuwa fil da ƙunshin goro a cinya, yana jan carbi. Sai muka fara hawan dutsen Mampong. Ka san wurin, hanya tana murɗewa kamar maciji, gefe guda dutse gefe guda rami. Na sauko giya ta biyu na murɗa totur, sai na ji ƙarau! Inji ya kwarma ihu, babur ya ƙi gaba, ya fara komawa baya. Kafin in taka birki da kyau mun kife. Allah ya taimake mu ta wajen dutsen muka faɗi. Baffa ya zauna daɓas cikin ciyawa, rawani ya warware, ƙunshin ya fashe, goro fari da ja suna gangarawa kan kwalta ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ban san wanda zan fara bi ba, goro ko dattijo. Can baya na hango sarƙa shimfiɗe a titi. Na tsinci mahaɗin, maƙallin kuwa har yau yana can.

Wani direban motar doya ne ya tsaya, ya yanko mana waya, na naɗe ta a bakin ƙusoshin mahaɗin, muka lallaɓa kamar masu rakiyar amarya har cikin Mampong, inda muka samu wani a wurin mai gyara da kuɗi ninki. Muka isa Ejura an shafa fatiha tuni, wani ya tsaya a madadin Baffa, mutane na cin tuwo. Duk hanyar nan bai ce mini uffan ba, kuma wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Sai da muka dawo gida yana cire takalmi ya ce, to, aljanu sun karɓi rabinsu.

Da na ba Masta labari bai yi faɗa ba. Ya ɗauko maƙalli ya ɗora a tafin hannuna ya ce, me ka gani? Na ce ƙarfe. Ya ce kifi ne, ga kai ga wutsiya, ka taɓa ganin kifi yana iyo da wutsiya a gaba? Rufaffen gefen shi ke fuskantar inda sarƙa ta dosa, buɗaɗɗen yana bin baya. Ni na juya shi. Ya ƙara da cewa sarƙar da ta cinye majayinta ta gama aiki, rage ta yaudarar kai ce, a sauya ta tare da faifan haƙoranta biyu, na gaba da na baya, in ba haka ba tsohon haƙori ya cinye sabuwar sarƙa.

Saboda haka ka ji abin da za ka yi ranar da ba ka fita aiki, da hantsi, a inuwa. Ka ɗora babur a kan babbar ƙafarsa a wuri mai daidai. Ka tura sarƙa da yatsa a tsakiya, ta yi wasa sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, wajen santimita 2 zuwa 3. Ta fi haka ka ja, amma ka ja gefe biyun daidai da juna kana duban zanen da ke jiki, kuma kar ka ɗaure ta tamau kamar tsirkiyar baka. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ta bushe, ka sa mata mai. Inji a kashe, Auta. Na san mutum biyu da suka rasa kan yatsa don son goge sarƙa tana juyawa.

Baƙin mai kuwa, sabon inji yana zubar da garin ƙarfe a farkon rayuwarsa, don haka juyen farko ba a jinkirta shi. Ka buɗe littafin da aka ba ka tare da babur ɗin, in ba ka riga ka ba mai ƙosai ta naɗe kaya da shi ba, kilomitan na nan a rubuce. Ka juye shi inji na da ɗumi, kar ka yar da 'yar washar da ke jikin notin ƙasa, kuma kar ka zuba tsohon man a kwata. Kowace safiya ka zaro ma'auni ka duba, ka matsa taya tun tana da sanyi, ka gwada birkin gaba da na baya kafin ka fita layi. Fulogi shi ne harshen inji. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. In ya yi baƙin hayaƙi, duba matatar iska, musamman da hunturu. In ya yi fari fat, inji na ƙuna, kai shi wurin makanike kar ka yi karambani. Cikin inji da wayoyin wuta ba naka ba ne tukuna.

Abin da ke ba ni takaici da ku shi ne, kuɗin da za a sayi mai mai kyau sai a sayi oda mai kukan jirgi da fitilu kala-kala. A cire madubi wai ya fi kyau, a rataye hular kwano a gwiwar hannu kamar hannun ne ke da ƙwaƙwalwa. A dawo da inji yana tafasa a watsa masa ruwan sanyi. Mu ma mun yi namu wautar, ba ka ji ba, amma mu akwai wanda muke jin kunyarsa.

Zakara kuwa, ni dai ban taɓa ganin Baba ya zubar wa ƙarfe jini ba. Abin da na sani, ranar da sabon abu ya shigo gida akan dama koko a sayi ƙosai da masa a raba wa yara da maƙwabta, a kai wa tsofaffi goro su sa albarka. Laya, Baffa yana da ita a ƙarƙashin kujera, tana nan kuma ranar da muka kife. Shi cewa ya yi ita ta jefa mu wajen dutse maimakon rami, ni kuma ban isa in yi masa musu ba a ranar. Wannan ka tambayi limaminku, ya fi ni sani. Mahaifiyarka kuwa kar ka ja da ita, ita ta riƙe fitilar.

In ka zo Sallah ka zo da babur ɗin in saurari injinsa. Kafin nan ka kwance fulogin da safe, inji na sanyi, ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp. Ka gaida ta, ka tambaye ta ko ta tuna maƙallin.