Tsohuwar mota tana shan baƙin mai

Malam, ka ce motarka tana shanye baƙin mai kafin lokacin juye, kuma ba ka ganin ɗigo. Kada ka yi gaggawar sauke inji. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, don wani yoyon sai da safe yake tona kansa. In kwalin ya wayi gari a bushe, to galibi ƙona man take yi, sai ka lura da salansa. Shuɗin hayaƙi da zarar ka tayar da safe, ya ɗauke daga baya, yawanci robobin bawul ne suka bushe. Amma in yana ƙaruwa duk sanda ka taka totur, ni dai ringin fistin nake zargi. Kwance filogi ka duba. Wanda ya jiƙe da baƙin mai shi zai nuna silindar da ke da laifi.