Katin gaisuwa ta gidan waya

Tambaya: Ina so mu riƙa musayar katin gaisuwa mai hoto da ƙanwata da ke Jamus. Yaya zan yi ya isa? Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa: Malama, ki nemi kati mai kauri, santimita 10.5 da 14.8. Bayansa kashi biyu ne: hagu na saƙo, dama na adireshi. Kan sarki a kusurwar dama ta sama, sunan ƙasa a layin ƙarshe da manyan baƙaƙe, da Turanci. Kada saƙo ya tsallaka ɓangaren adireshi, yana rikita masu tantancewa.

Biro za ki yi amfani da shi. Katin ba a cikin ambulan yake tafiya ba, tawada mai ruwa kuwa da ta sha damshin Legas sai ta dame. Ki kai ofishin NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, ko babban gidan waya na Marina, ki tambayi kuɗin aikawa ƙasar waje. Kan sarkin da bai cika ba yakan tsayar da kati.

Abin rubutawa kuma, layi huɗu ya wadatar: masarar da kika ci da safe, motar haya ta ɗanfo ta zo da wuri, jariri ya fara rarrafe. Sirri da lambar banki a bar su, kowa na iya karantawa.