Akwatin Mai Gyara: Dalma Ta Ƙi Kamawa, Tocila Ta Daina Riƙe Caji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gyaran rediyo da tocila a ƙauyenmu kusa da Ringim. Wutar NEPA ba ta zama, don haka a garwashi nake ɗora ƙarfe in narka dalma. Amma dalmar sai ta dunƙule, in na ja waya kaɗan ta fita. Mene ne laifin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙarfen garwashi na masu like bokiti ne da wayoyi masu kauri. A kan fanel ɗin rediyo ba ka da ikon zafinsa: yanzu ya yi yawa ya ɗaye siririn layin jan ƙarfe, an jima ya huce kafin ka gama, ga toka tana ɓata bakinsa. Nemi ayan, wato ƙarfen narka dalma na lantarki, mai aiki da 12V, na 30W zuwa 40W, wanda ake maƙala wa batirin sola ko na mota. A bincika wurin masu kayan lantarki a Sabon Gari ko Farm Centre a Kano. Na 40W yana jan kusan 3.3A, don haka ƙaramin batir na 7Ah zai ba ka aikin kamar awa guda kafin ya sauka rabi, kuma kada ka wuce nan in kana son batirin ya yi ƙarko. Sa fiyus na 5A a jan wayar.

Amma dunƙulewar da ka ce, yawanci daga hannu take. Masu koyo sukan narka dalma a bakin ayan su kai ta kan waya su ɗiga. Kafin ta isa, maganin da ke cikinta mai cinye tsatsa ya ƙone ya tafi a hayaƙi, wayar kuma da sanyinta, sai dalma ta zauna a kai ba ta shiga ba. Abin da za a haɗa shi ake zafafawa. Kankare wayar da reza har jan ƙarfen ya yi ƙyalli, ka murɗe ta, ka shafa mata dalma ita kaɗai tukuna. Sannan ka ɗora bakin ayan ya taɓa waya da mazauninta a lokaci ɗaya, ka ƙirga biyu, ka kawo dalma ta ɗaya gefen. Za ka ga ta malale da kanta ta bi wayar. Janye dalma, sannan ayan, kada ka motsa, kada ka hura da baki. Haɗi mai kyau sumul yake yana sheƙi. Wanda ya yi dishi-dishi da ƙuraje, sake shi.

Sayi dalma mai lamba 60/40, kaurin 0.8mm, mai magani a ciki. Tana narkewa a wajen digiri 190. Wadda ba ta da gubar dalma sai ta haura 217, ƙaramin ayan yana shan wahala da ita. Bakin ayan kuwa a goge shi da jiƙaƙƙen soso, a bar masa ɗan dalma kullum. In ya yi baƙi ba ya miƙa zafi. A wanke hannu kafin cin abinci, a yi aikin inda iska ke shiga.

Tambaya: Malam, tocilata mai caji ba ta kai minti goma yanzu. An ce in sa mata batirin tsohuwar laftof. Zai yi? Daga wata mai karatu a Ɗambatta.

Amsa: Zai yi, Malama, amma da sharaɗi. Yawancin irin waɗannan tocila batir 4V ne a ciki, mai mutuwa in an bar shi ba caji. Na tsohuwar laftof in an buɗe shi ƙananan batura ne a ciki, masu lamba 18650; kowanne 3.7V ne, yana cika a 4.2V. Haɗarin yana wurin tsohuwar cajar cikin tocilar: ba ta san tsayawa ba, kuma irin wannan batir in ya wuce 4.2V yana iya kama wuta. Sai a cire ta gaba ɗaya, a sa ɗan fanel mai suna TP4056, irin wanda ke da kariyar batir. Batir a B+ da B-, wayoyin makunni da fitila a OUT+ da OUT-, a bar rizistan da ke jikin fitilar, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke shigarta. Daga nan cajar waya ta 5V ta isa; jan haske yana caji, in ya canza ya cika.

A auna batirin da mita kafin komai. Wanda ya gaza 2.5V, ko ya lotsa, ko ledarsa ta yage, a ajiye shi gefe. Kada a ɗora ayan a kan batirin kai tsaye, a saya masa gidansa mai sifirin. In kuma sabo za a saya aka ga an rubuta 9900mAh a jiki, ƙarya ce. Na gaske ba ya wuce kimanin 3500mAh.