Tambayoyinku: Injiniya Ko Mai Haddar Lissafi?

Tambaya: Malam, ɗana ya gama digirin injiniyanci, shekara 5 cur, amma jiya janareto ya lalace a gida sai da muka kira bakanike. To wai me suke koya ne a jami'a? — Uwar gida daga Kano.

Amsa: Hajiya kin taɓo inda yake ƙaiƙayi. Yawancin karatun a allo yake ƙarewa, lissafi da haddar jarabawa, kayan aikin ɗakin gwaji wasu sun tsufa wasu ma babu wutar kunna su, shirin SIWES na wata 6 na koyon aiki a masana'antu kuma ɗalibai da yawa sa hannu kawai suke nema. Ai kamata ya yi aikin shekarar ƙarshe ya zama famfon sola na noman rani ko injin casar shinkafa da manoman Kura za su gwada. Shi kuma ɗan naki, ki tura shi garejin unguwa ya ɓata hannu da baƙin mai.