Sha'awa ta ragu tun da na fara maganin hepatitis C

Dan uwa, kace tunda ka fara magani baka sha'awar kusantar iyali, wallahi ba kai kadai bane. Ciwon hanta da kansa yana kawo kasala, ga damuwa, wani lokacin ma testosterone, wato sinadarin jiki mai tayar da sha'awar namiji, yakan sauka, musamman in tsohon maganin interferon da ribavirin ne. Na yanzu irin sofosbuvir yawanci sati 12 ne kuma sama da kashi 95 suna warkewa, don haka kar ka daina sha. Dan Allah ka guji maganin karfin maza na kasuwa, hantarka zai kara wahalarwa. Ka zauna da madam ka fada mata gaskiya kar tayi zaton ka daina sonta ne, sannan ka gayawa likita ya duba jininka. In ribavirin kake sha, a kiyaye kar madam ta dauki ciki. Allah ya baka lafiya.