Amsoshin Tambayoyinku: Audi, Ajuji, Dikko da Rayyan

Wata baiwar Allah mai juna biyu ta rubuto cewa tana son sa wa ɗanta sunan da ba kowa ke da shi ba. Ta ji Audi da Ajuji a bakin kakarta, sun kwanta mata, tana neman ma'anarsu.

Malama, Allah ya sauke ki lafiya, amma ki dakata da waɗannan biyun. Bahaushe ba ya zaɓen sunan gargajiya don daɗin ji, halin da aka haifi yaro a ciki shi ke raɗa masa. Audi shi ne yaron da aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, kin ga tunda maigidanki na nan da ransa, ba na jin zai yi miki godiya. Ajuji kuwa sunan ɗan wabi ne, wato ɗan macen da 'ya'yanta ke rasuwa tun suna ƙanana. A da, tsofaffi kan ɗauki irin wannan jariri su ajiye shi a kan juji na ɗan lokaci, a nuna kamar ba a damu da shi ba, wai ko mutuwa ta kau da kai ta bar shi. Ayashe ma daga nan ya fito, a yashe shi ke nan. Camfi ne da ya girmi zuwan Musulunci, sunan ya zauna bayan al'adar ta ja baya.

Idan na gida kike so, ki jira ki ga yadda haihuwar ta zo. In ya biyo bayan mata, Tanko ne, in tagwaye ya bi, Gambo. Wanda ya faɗo ana tsaka da aikin gona Nomau, wanda ya zo ana sheƙa ruwan sama Anaruwa, na watan azumi Labaran, na ranar idi Sallau. Mai yatsu shida Cindo. Shekarau shi ne wanda ya wuce watanninsa a ciki har aka ce ya shekara, kuma tsohon suna ne ƙwarai, don kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo wani Shekarau da ya yi sarauta daga 1290 zuwa 1307. Duk waɗannan laƙabi ne da ake ɗorawa a kan sunan yanka na ranar bakwai. Kunya ce ta daɗe tana raya su: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ba ta kiran yaron da ya ci sunan surukinta, dole a nemi na kira.

Wani malami ya tambaya ko Dikko da Sambo Hausa ce. A'a, Malam, aro ne daga Fulatanci. Dikko ɗan fari, Sambo ɗa namiji na biyu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya ƙara wa na farkon farin jini. Maina kuma na Barebari ne, ɗan sarki.

Sai mai tambaya a kan Rayyan, wanda ya fara yawa a 'yan shekarun nan. Larabci ne, yana nufin wanda ya sha ya ƙoshi, ƙishirwa ta sake shi, kuma ya zo a hadisi ingantacce a matsayin sunan ƙofar Aljanna da masu azumi za su shiga ta cikinta. Suna ne mai kyau. Inda nake jan kunne shi ne ɗabi'ar buɗe Alƙur'ani a tsinci kalma don ta yi zaƙi a baki. Tukazziban na Suratur Rahman yana nufin "kuke ƙaryatawa", Zanim na Suratul Ƙalam kuwa zargi ne ga wanda aka liƙa wa dangin da ba nasa ba. Kafin a yanka rago, a kai kalmar gaban wanda ya san Larabci ya fassara ta cikin ayar da ta zo.